Kuɗin jona bututun bayan gida a sabon gini: wa ake biya a Kano?

Tambaya: Injiniya, na sayi fuloti a wani sabon rukunin gidaje wajen Ɗanbare. Mai kamfanin ya ce kafin in sa harsashi sai na biya kuɗin jona magudanar bayan gida, wai haka ake yi a Abuja. Gwamnati ce ke karɓa? Kuma dole ne?

Amsa: Malam, kafin ka zaro ko sisi, ka ce ya kai ka ka ga inda bututun ya ƙare.

Zancen Abuja gaskiya ne. Can cikin gari akwai manyan bututai a ƙarƙashin ƙasa masu kai ƙazanta matatar Wupa, hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, ce ke kula da su, tana kuma cajin masu gidaje. Unguwannin Kano ba su da irin wannan. Daga Fagge har Nassarawa, kowane gida da sokawensa ko masansa. Ruwan wanka da na wanke-wanke kwata yake bi ya faɗa lambatu, na cikin birni akasari a rafin Jakara yake ƙarewa. Gwamnati ba ta shimfiɗa maka bututu ba, don haka wannan kuɗi ba nata ba ne.

Mai yiwuwa kamfanin ya gina babban tanki guda na rukunin baki ɗaya. In haka ne, neman kuɗin ba laifi, amma ciniki ne tsakaninku. Ka ga zanen, ka ga tankin da idonka, a kuma rubuta wanda zai riƙa kiran motar zuƙa idan ya cika. A nan rigima take, domin da zarar an sayar da fulotin ƙarshe, wasu kamfanonin ko waya ba sa ɗauka.

Abin da za ka biya hukuma shi ne kuɗin amincewa da zanen gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, sai kuɗin jona famfo a Hukumar Ruwa in layi ya iso wajenku. Kowanne ka karɓi rasit na gwamnati.

Ni a ganina, sokawen ya fi cancantar kuɗinka. Kada ka yarda birkila ya haƙa rami ɗaya ya jera bulo ya ce an gama. Tankin farko ɗaki biyu ake yi masa, a shafe shi da siminti ciki da ƙasa yadda ba zai yoyo ba, kauri ya kwanta a nan, tsararon ruwan ya wuce rami na biyu ya tsotse cikin ƙasa. A sa bututun fitar da iska ya zarce rufin gida. Murfin kuma ya zama kusa da ƙofa inda tiyon mota zai kai. Sau da yawa sai ka tarar an binne shi ƙarƙashin tayil, ranar yasa a yi ta fasa tsakar gida.

Sai tazara da rijiya ko bohol. Mita 30 ake so, fulotanmu na yanzu kuwa da wuya su ba ka haka. Shi ya sa tun kafin haƙa ya kamata ka zauna da maƙwabta, ku haɗa sokawe a ɓangare ɗaya, rijiyoyi a ɗaya ɓangaren. Masu jona sokawe da lambatu a ɓoye, su saki ƙazanta in an kece da ruwan sama, su ke jawo wa unguwa amai da gudawa, kuma duba-gari na iya gurfanar da su.