Amsa ga mai tambayar yadda ake karatun dabarun tafiyar da kamfani

Ɗan'uwa, ka ce ka haddace SWOT (hanyar auna ƙarfi, rauni, dama da barazanar kamfani) da ƙarfafa biyar na Michael Porter (abubuwa biyar da ke nuna zafin gasa a kasuwa), amma da an ba ka kamfani ka nazarta sai kanka ya ɗaure. Matsalar ita ce hadda ba tare da gwaji ba.

Ɗauki sana'a guda a nan Maradi, misali masu fitar da aya ko wake zuwa Najeriya ta Ɗan Isa. Fara da waje: su wa ke gasa da su, manomi ne ke yanka farashi ko dillali, me faɗuwar naira a kan sefa ke yi wa ribarsu? Rufe iyaka da Najeriya ta yi a 2019 kaɗai ya ishe ka darasi kan haɗarin dogaro da kasuwa ɗaya. Daga nan ka shiga ciki: jari, sito, motoci, amanar abokan ciniki. Sai ka fitar da zaɓi biyu ko uku, ka ɗauki ɗaya, ka rubuta wa zai yi me, da nawa, cikin wata nawa.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne cika akwatunan SWOT huɗu ba tare da yanke shawara ba. Wasu kuma suna sa "kasuwa na bunƙasa" a layin ƙarfi, alhali dama ce daga waje.

Don Allah kada ka raina lissafi. In karanta takardun kuɗi na tsarin SYSCOHADA (ƙa'idojin lissafin kuɗin kamfanoni da ake bi a Nijar) na ba ka wuya, nemi akanta ko malaminka ya zauna da kai kafin jarrabawa.