Amsa ga ƙanwata mai shirin karatu a Ingila: kalmomin Turanci masu kama da juna

Assalamu alaikum ƙanwata. Na yi murna da jin cewa jami'a ta ba ki gurbin digiri na biyu a nan Ingila, Allah ya sanya alheri. Kin ce kina shirin jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci, amma kalmomi irin su affect da effect suna rikita ki, har kin rubuta su bibbiyu kina hadda, kina haddacewa kina mantawa.

Don Allah ki ajiye wannan jerin. Kalmar da aka ciro ita kaɗai ba ta zama a ka. Dubi Hausarmu: kuka na hawaye da kuka ta itace rubutunsu ɗaya, amma ba ki taɓa rikicewa ba, domin sauran zancen ya riga ya nuna miki wanda ake nufi. Haka za ki bi da Turancin, ki kama kowace kalma a cikin jimlarta.

Da yawa daga cikin tagwayen nan aikinsu ne ya raba su, ɗaya suna, ɗaya aikatau. Advice ita ce shawarar, advise kuwa bayar da ita. A Turancin Ingila haka practice da practise suke, haka licence da license: mai c suna, mai s aikatau. Amurkawa ba su bi wannan ba, practice suke rubutawa a duka biyun, license ma haka. IELTS tana karɓar rubutun ƙasashen biyu, amma tunda nan za ki zo, ki saba da na nan tun yanzu. Su ma waɗanda suka dame ki, yawanci affect aikatau ne, effect suna. Ki gwada sa "the" a gaban kalmar, in ya zauna daidai, effect kike nema.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne waɗanda ma'anarsu ta sha bamban, amma kama ta haɗa su. Accept karɓa, except togewa. Lose rasawa, loose sako-sako. Cite ambaton wanda kika ɗauko maganarsa, site wuri, kuma ta farkon za ki yi ta fama da ita a kowane rubutun jami'a. Eligible wanda ya cancanta, illegible rubutun da ba ya karantuwa. Kwamfuta ba za ta ja miki jan layi a ƙarƙashinsu ba, domin kowacce kalma ce ingantacciya, wurin zamanta ne ya kuskure. Takardun hukuma ma haka. Ki sake buɗe wasiƙar da jami'ar ta aiko miki, ki duba conditional aka rubuta ko unconditional. Haruffa biyu ne tsakaninsu, amma na farko yana nufin da sauran sharaɗin da ba ki cika ba, sau da yawa sakamakon IELTS ɗin ne ma, inda jami'o'i da dama ke neman maki 6.5.

Sai kunne, wanda mu Hausawa ba mu cika son a taɓo mana ba. Harshenmu bai raba p da f ba, ba shi kuma da v, shi ya sa fast da past, copy da coffee, vote da boat suke zo mana kamar abu guda. Ba abin kunya ba ne, kowane harshe da inda yake tuntuɓe, amma yana cin maki. Sashen sauraro na IELTS tambayoyi 40 ne, sau ɗaya ake kunna muryar, kuma harafi ɗaya ya kauce an soke amsar. Ki kula da thirteen da thirty: in aka faɗe su su kaɗai, ta farko ƙarfinta a ƙarshe yake, ta biyu a farko.

Ki riƙa amfani da ƙamus na Oxford ko Cambridge na masu koyo. Suna kan intanet kyauta, da murya da misalan jimloli. Duk kalmar da ta ruɗe ki, ki saurare ta, ki maimaita da ƙarfi, sannan ki gina mata jimla daga fannin da za ki karanta. Biyu ko uku a rana sun isa. In kin rubuta gwajin maƙalarki ta gaba ki turo mini, zan ja layi a inda tagwayen suka yi musaya, ke kuma ki gyara da kanki.