Talibambam na teku da sauran tambayoyinku

Tambaya: Malam, na ga hoton wani kifin teku da ya kumbura kamar ƙwallo, an rubuta "kifin balan-balan" a ƙasansa. Sunansa ke nan da Hausa?

Amsa: A'a, 'yata. Wanda ya rubuta haka bai taɓa zama da masunta ba. Sunansa talibambam. Na ruwan daɗi aka fara raɗa wa sunan, wanda ake samu a kogin Neja da Nilu da tafkin Chadi, amma yawancin danginsa a teku suke, a gaɓoɓi masu ɗumi da bakin koguna inda ruwan gishiri ke gauraya da na daɗi. Tunda dangi ɗaya ne, sai a ce talibambam na teku, magana ta ƙare. Ban san me ya sa muke gudun kalmar da muka gada mu je muna ƙaga wata ba.

Abin da ke burge ni shi ne inda kowa ya sa ido. Bahaushe ciki ya duba. Kai ko faɗin sunan ka yi, sai ka ji bakinka ya cika. Masana kuwa bakin kifin suka buɗe. Karl Linniyas, mutumin Suwidin, ya sa wa na kogin nan suna Tetraodon lineatus a 1758, kalmar farko kuma Girkanci ce, ma'anarta haƙora huɗu: biyu sama, biyu ƙasa, a manne kamar bakin aku. Da su yake fasa ƙaguwa da dodon koɗi, ba sa kuma daina tsiro. Yana da ɗan'uwa mai dogayen ƙayoyi kamar beguwa, shi haƙora biyu gare shi, don haka aka ware masa nasa dangin. Kumburin kuwa ba iska ba ce, in dai yana cikin ruwa. Ruwa yake haɗiya ya cika tumbi, ga shi ba haƙarƙari ballantana ya tare shi. Sai an fito da shi tudu yake haɗiyar iska.

Tambaya: "Kifaye" ko "kifuka"?

Amsa: Kifaye.

Tambaya: Malam, gaskiya ne yana da dafi?

Amsa: Guba dai, ɗana. Dafi na maciji ne da kunama da kibiya, sara ko harbi ke shigar da shi jiki. Guba kuwa ci ake yi. 'Yan jarida sun cakuɗa su har yara sun ɗauka abu ɗaya ne. Talibambam ba ya harbi. Gubarsa, tetrodotoksin, ta fi taruwa a hanta da ƙwai, a wasu har fata, dahuwa ba ta kashe ta, har yau kuma ba ta da makari. Tana sandarar da jiki har numfashi ya tsaya. A Japan ana cinsa, suna kiransa fugu, amma sai mai lasisi ke feɗe shi don sayarwa.

Tambaya: Mene ne "jar koma" a "Kifi na ganinka, mai jar koma"?

Amsa: Koma ragar kamun kifi ce, ba koma ta komawa gida ba. Tunda ja ce, kifi ya hango ta tun daga nesa. Ana faɗa wa mai ɗana tarko alhali wanda yake hari ya riga ya gane shi.