Tambayi Likita: An sa wa Baba ƙarfe a jijiyar zuciya, ga shi ta sake tsukewa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 64, kuma yana fama da ciwon suga. Bara aka sa masa sitent mai magani a Alƙahira. Ya yi wata takwas garau, yanzu ko masallacin unguwa ya taka sai ƙirji ya riƙe shi. An sake dubawa, an ce jijiyar ta tsuke daidai inda ƙarfen yake. Wani za a ƙara masa?
Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki.

Sitent 'yar raga ce ta ƙarfe da ke tokare jijiya. Jiki yana ɗaukar wurin a matsayin rauni, sai nama ya yi ta tsirowa a kanta har hanyar jini ta matse. Zamanin sitent na ƙarfe zalla, marar magani, hakan kan sami mutum 2 zuwa 3 cikin 10. Da masu magani, wato waɗanda aka shafa wa maganin hana naman tsirowa, suka fito a 2002 aka koma wajen 1 cikin 10 ko ƙasa da haka, sai dai masu ciwon suga irin Baba sun fi faɗawa ciki.

Roƙona ɗaya: kada a yi gaggawar ƙara ƙarfe kafin a san dalili. Ki tambayi likitansa ko za a leƙa cikin jijiyar da IVUS ko OCT, wata siririyar na'ura da ake zurawa ta jijiyar hannu ko ta cinya. Sau da yawa sai a tarar ƙarfen farko ne bai buɗe sosai ba, domin bangon jijiyar ya yi tauri. Wanda ya ɗora sabo a kan wannan, ya yi yaɓe ne a kan tsagaggiyar katanga. Sai an fara buɗa tsohon ƙarfen da wani ɗan balan-balan mai ƙarfi da ake hurawa a cikin jijiyar tukuna.

Daga nan, ko dai a sa sabon sitent mai maganin everolimus a cikin tsohon, ko a yi amfani da balan-balan mai maganin paclitaxel; duka magungunan biyu naman suke hana tsirowa. Shi balan-balan ɗin hura shi ake yi kamar minti ɗaya, ya shafa wa bangon magani, a zare shi, ba ya barin komai a ciki. Turai ta daɗe tana aiki da shi, Amurka kuwa sai a 2024 ta amince da shi a jijiyar zuciya. Sabon sitent ya ɗan fi hana dawowar matsalar, amma ni in an riga an jera biyu, ba na son na uku. Idan kuma abin ya yi ta maimaituwa, ko jijiyoyi da dama ne suka toshe, ga suga, a zauna da likitan tiyata a kan aikin sauya wa jini hanya.

Kafin nan, kada Baba ya ajiye asfirin, clopidogrel (maganin hana jini daskarewa) ko maganin kitse don ya ji sauƙi, ko don wani ya kawo masa jiƙo. Sugan ma a riƙa aunawa. In ƙirjin ya riƙe shi yana zaune, da zufa, ya ƙi saki, ku nufi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.