Injin caca a shagona: ni za a kama ko mai shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina da shagon cajin waya a unguwar Mabera, Sakkwato. Wata uku ke nan wani ya ajiye mini injin nan da samari ke jefa kuɗi su ci ko a cinye su, yana ba ni kaso duk Juma'a. Ya nuna mini takarda, wai lasisi ce daga Abuja. Jiya wani baƙo ya buga sau biyu, ya tambayi wa ke riƙe da makulli, ya tafi. Wallahi ban runtsa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fargabarka tana kan hanya, domin da haka ne bincike ke farawa. Iyaye ko mai unguwa su kai ƙorafi, sai a turo jami'i cikin farin kaya ya buga, wani lokaci da kuɗin da aka yi wa alama, ya tabbatar injin na biya. Daga nan a dawo da takardar izinin bincike daga kotu. Za a buɗe akwatin kuɗin, a karanta lissafin da injin ke ajiyewa na abin da ya shiga da wanda ya fita, a haɗa da littafinka da saƙonnin banki na wayarka.

Amma takardar lasisin nan ita ke ƙona mini rai. Kullum sai na ji "ai akwai lasisi", "ai ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni". Ajiyar da ake biyanka duk mako? A shagonka yake, da wutarka yake aiki, kai ke ba yaran canji. Dokar tarayya ta 1977 ta haramta mallakar irin wannan inji da gudanar da shi. A watan Nuwamban 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, to takardar Abuja me za ta tsinana maka a Sakkwato, inda dokar shari'a ta haramta caca? Galibin irin waɗannan lasisin ma hoton takarda ne, ko sunan shago babu. Ranar kame mai injin zai kashe waya, kai za a tarar.

Zare shi daga wuta yau. Kada ka fasa shi ko ka ɓoye, kada ka goge saƙonninku da mai injin, su ne shaidarka. Kada ka ba kowa ko sisi don ya ce ya san oga. Beli kyauta ne. Nemi lauya gobe da safe, ku je ofishin 'yan sanda tare.