Amsa ga malamar da ɗalibanta ke mayar da wasan kwaikwayo abin dariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce an ba ki aji a makarantar koyon aikin jinya a nan Kumasi, kina so ɗalibai su koyi magana da mara lafiya ta hanyar wasan kwaikwayo, amma da an fara sai aji ya kece da dariya. Ni ma na sha wannan, shekarata 11 ina koyarwa.

Dariyar nan kunya ce. Daina fito da mutum biyu gaban aji. Raba su uku-uku: ɗaya nas, ɗaya mara lafiya, ɗaya mai kallo da biro a hannu. Minti 7 na wasa, minti 10 na tattaunawa, sai su yi musaya.

Amma abin da ya fi damuna shi ne harshe. Littattafanmu da jarrabawar Hukumar Nas-nas da Ungozomomi duk da Turanci suke, alhali tsohuwar da za ta fito daga unguwar Aboabo ko Asawase da Hausa za ta yi miki kuka, wata da Twi, wanda aka turo asibitin koyarwa na Komfo Anokye daga arewa wataƙila Dagbani kawai yake ji. Na taɓa raka wata ɗaliba mai ƙoƙari ƙwarai wani asibiti. Ta tsaya a kan wata dattijuwa mai ciwon suga, idonta a kan kati, ta zayyano yadda ake shan magani, ta ce, "Hajiya kin gane?" Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Na gane 'yata." Ashe azumi take yi, ba wanda ya tambaye ta. Ta ci gaba da shan ƙwayar tana wuni cikinta ba komai, kwana biyu aka dawo da ita tana gumi tana rawar jiki, suga ya faɗi ƙasa. Har yau abin yana ci mini rai, domin ina tsaye a wurin.

Tun daga nan nake ba mai fitowa a matsayin mara lafiya 'yar takarda da wani sirri a ciki, wanda ba za ta faɗa ba sai an tambaye ta cikin ladabi: tana azumi, ko tana haɗawa da maganin gargajiya, ko katinta na inshorar lafiya ya ƙare tana jin nauyin faɗa. In nas ba ta tono shi ba, wasan bai yi ba, komai daɗin bakinta. Kuma na hana su tambayar "kin gane?" Su ce, "Hajiya, in kin koma gida jikarki ta ce me nas ta ce, me za ki gaya mata?" A nan ne za a ji abin da ya shiga.

Ki gwada wasan tafinta ma. Mace ta zo da ciwon mata, ɗanta namiji ne ke fassara. Ki ga ko ɗalibar za ta lura uwar ta sunkuyar da kai, ta nemi mace ta fassara, ta ja labule. Takardar haƙƙin marasa lafiya da Hukumar Lafiya ta Ghana ta fitar a 2002 ta ba su haƙƙin sirri da na cikakken bayani, to ga inda ake ganinsa a aikace.

Wajen tattaunawa kada ki riga su magana. Nas ta fara faɗin inda ta kakare, sannan mara lafiya ta faɗi yadda ta ji a ranta lokacin da aka tsaya mata a ka ba gaisuwa. Sau da yawa mai fitowa a matsayin mara lafiya ce ta fi kowa ƙaruwa. Naki gyaran ya zo a ƙarshe, guda ɗaya ko biyu, sai a sake wasan nan take.

In kina so, zan turo miki takardun sirrin da nake amfani da su, ki gyara su daidai da ajinki. Allah ya dafa miki.