Ɗan maƙwabciyata ya yi jijjiga na sa masa cokali a baki, na yi daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaranjiya da daddare na jiyo salatin maƙwabciyata, na fita ko mayafi ban ɗauka ba. Na tarar ɗanta mai shekara biyu jikinsa ya yi zafi rau, idanu sun kafe, yana ta jijjiga. Na cusa masa cokali a baki don kada ya datse harshensa, wata tsohuwa kuma ta ɗura masa manja. Ya farfaɗo, amma dasashinsa ya fashe. Tun ranar raina bai kwanta ba. Taimako na yi ko cuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri. Uwar da ta ga ɗanta a wannan hali ba ta da sauran dabara, dole sai an samu wani mai natsuwa a kusa, kuma ke ce kika zo. Amma cokalin nan da manjan, kada a sake.

Yaro ba ya haɗiye harshensa. Ko ya ɗan cije shi, yana warkewa cikin 'yan kwanaki. Cokali kuwa yana karya haƙori, gutsuren ya faɗa hanyar numfashi. Manja ya fi tayar min da hankali, domin mai jijjiga ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura masa sai ya zarce huhu ya haifar da namoniya, wato ciwon huhu. Sau da yawa jijjigar ta wuce, manjan ne ke kwantar da yaro a asibiti. Haka turara masa hayaƙi, matsa albasa a ido, da kara ƙafarsa a wuta. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, na sani, amma ba su tsayar da komai, jijjigar ce ke tsayawa don kanta sai a yaba wa albasa.

Jijjigar zazzaɓi ta fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5, kuma yawanci ba ta kai minti 5. In kin sake tarar da irin haka, kwantar da shi a tabarma ta gefensa don yawu ko amai ya zubo waje, ki sassauta masa riga, kada ki danne shi. Ki sa mutane su ja baya ya sha iska. Sannan ki duba agogon wayarki ki san minti nawa jijjigar ta ɗauka. Wannan shi ne abin da ake mantawa, alhali shi za mu fara tambaya, kuma ga uwa minti biyu kamar awa ne.

Sauran maƙwabta ma akwai aikinsu. Wani ya ruga ya nemo mai adaidaita sahu, wata ta kwashe sauran yaran zuwa ɗakinta. In maigidan ba ya nan, a kira shi a waya ana tafe, kada a zauna jiran dawowarsa. Mai ɗan kuɗi a hannu ya ranta na kati da gwaji, a yi lissafi daga baya.

In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo, ko yaron bai farka sosai ba, ko wuyansa ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumbura, asibiti kai tsaye, ba kemis ba. Ko ta tsaya ma a kai shi a ranar, domin a wajenmu zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau, musamman lokacin zafi, da haka suke farawa. Gwajin jini na ɗan yatsa bai wuce minti 20.

Ba ki faɗa min ko an kai shi ba. In ba a kai ba, ki raka uwar yau, ki gaya wa likitan an ba shi manja don ya saurari ƙirjinsa, ya duba dasashin. Ki kuma shaida mata cewa kusan ɗaya cikin uku na irin yaran nan sukan sake yi in wani zazzaɓin ya zo, kuma mafi yawansu ba ya zame musu farfaɗiya.